Zuwa Damaturu da Fosta, Dawowa da Ƙudaje

Motar Damaturu ba ta tashi sai ta cika, don haka duk sammakonka sai ka jira wanda ya makara. Kayana ba yawa: jakar goyo ɗaya da wani dogon bututun roba da na naɗe fostata a ciki, wato babbar takardar da na buga sakamakon bincikena a kai. Kwandasta ya miƙo hannu zai cusa shi ƙarƙashin buhunan wata Hajiya, na ce a'a, wannan a cinyata zai zauna. Dattijon da ke gefena ya daɗe yana kallon bututun kafin ya tanka.

"Malam, zanen gida ne?"

"A'a Baba, hotunan ƙwaƙwalwar ɓera ne."

Ya yi shiru, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Bai ƙara ce mini uffan ba har Azare.

Ni ƙaramin malami ne a sashen fisiyoloji, wato ilimin yadda jiki yake aiki, na wata jami'a, ina kuma fama da karatun digiri na uku. Abin da ya tashe ni daga Kano taro ne na ɗalibai da masu bincike kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, irin wanda ake haɗa laccoci da baje kolin bincike da koyon aiki da hannu. Da na faɗa a gida cewa Damaturu za ni taron kimiyya, yayana cewa ya yi, "Ba Legas ba, ba Abuja ba?" Ban ga laifinsa ba.

Damina ta yi nisa, hanya ta yi kyan gani. Daga Mariri muka miƙe, muka haye gadar Wudil ruwa ya cika ya batse, muka wuce Gaya da Shuwarin da Kiyawa, gero ya fi mutum tsawo hagu da dama. A Jama'are masu soyayyen kifi suka yi wa motar caa. Azare muka yi salla, Potiskum muka ci abinci. Wanda bai taɓa shiga Potiskum ba zai sha mamakin tireloli: duk inda ka waiga ga su nan a jere, waɗansu an ɗage kai ana gyara, waɗansu suna jiran lodin shanu zuwa kudu, domin kasuwar shanun garin tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Daga nan zuwa Damaturu tafiyar kimanin kilomita 100 ce.

A Damagum wani ɗalibi da ke kujerar baya, wanda ashe taro ɗaya za mu, ya tuna mini cewa a wannan ƙaramar hukumar ta Fune ne wani makiyayi yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwalen Dufuna, wanda masana suka ce ya kai shekara 8,000 a binne. Yana cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka taɓa tonowa a duniya, kuma yanzu yana ajiye a Damaturu. Na so in je in gan shi, taro bai bar ni ba.

Jami'ar Jihar Yobe, inda ake taron, a kan hanyar Gujba take, kuma duk wanda ya yi wayo a shekarun baya ya san abin da sunan nan yake tunowa. A Satumbar 2013 aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Gujba cikin dare aka kashe ɗalibai suna barci. A Fabrairun 2014 aka yi wa yaran Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi irin wannan ɗanyen aiki. Masu yin haka da makarantar boko suke gaba. A bakin wannan hanyar ce aka buɗe cibiyar bincike da horarwa kan kimiyyar lafiya da ake kira BioRTC a 2021. Ba na son in cika surutu a kan wannan, amma mai keke Napep ɗin da ya kai ni ƙofar jami'ar yana nuna mini inda shingayen sojoji suke a da, ni kuma ina rungume da fosta, sai da jikina ya yi sanyi.

Wanda ya kafa cibiyar shi ne Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan asalin jihar, wanda ya karanta ilimin sassan jikin ɗan'adam a Jami'ar Maiduguri kafin ya wuce Jami'ar Sussex a Ingila, inda ya yi bincike a kan cutar mantuwa ta Alzheimer. Gwamnatin jihar ta sa hannu, kayan aiki da yawa kuma kyauta aka samo su daga ɗakunan bincike na Turai. A wannan harka ta tattaro na'urorin da wasu suka daina amfani da su a kai inda ake nema, ƙungiyar TReND in Africa ta yi suna. Lucia Prieto-Godino da Tom Baden da Sadiq Yusuf ne suka kafa ta a 2011, suka fara da kwas a kan jijiyoyin ƙwari a Ishaka ta Uganda.

Ga dalilin da ya sa na ɗauki irin wannan taro da muhimmanci fiye da yadda wasu abokan aikina suke ɗauka. Babban taron masana ƙwaƙwalwa na duniya a Amurka ake yin sa duk shekara, yau Washington, gobe Chicago ko San Diego, mutum fiye da 20,000 suke haɗuwa. Kafin ɗalibin Gusau ko Gombe ya taka ƙofar zauren nan sai ya nemi biza, ya sayi tikitin jirgi da dala, ya biya masauki da dala, alhali kuɗin makarantarsa ma da ƙyar aka haɗa. Ƙungiyar masana ƙwaƙwalwa ta Afirka, SONA, wadda aka kafa a 1993, tana nata taron duk bayan shekara biyu, ta yi a Entebbe a 2017, ta yi a Legas a 2019, amma shi ma sai mai tallafi ko mai hali. Taron Damaturu kuwa da kuɗin mota ake zuwa. A zauren na ga 'yan Maiduguri da Zariya da Sakkwato da Bauchi da Jos, na ga 'yan Ilorin da suka kwana a hanya. Mafi yawansu ba su taɓa tsayawa gaban wanda ba malaminsu ba suka kare aikinsu ba.

Laccar farko da ta kama ni ta yi bitar wani nazari da Dokta Maina da abokan aikinsa suka wallafa a 2021. Sun bi takardun binciken ƙwaƙwalwa da 'yan Afirka suka jagoranta daga 1996 zuwa 2017, suka tace suka sami 5,219. Ƙasashe biyar ne suka kwashe fiye da kashi uku cikin huɗu: Masar da kashi 28 cikin 100, Afirka ta Kudu 23, Najeriya 11, Maroko 8, Tunisiya 7. Mu ne na uku, aka yi ɗan tafi. Sai mai laccar ya juya ga irin binciken da muke yi a Yammacin Afirka, zauren ya yi tsit, domin kowa ya gane kansa. A sayo fararen ɓeraye. A ba su wani sinadari da zai dagula musu tunani, sikofolamin ko gishirin alminiyam. A jiƙa ganyen zogale ko habbatussauda ko sabara a tace a ɗura musu. A sa su cikin akwati mai rassa uku a ga ko suna tuna reshen da suka shiga. A yanka ƙwaƙwalwa a rina ta da shuɗi da ja, a ɗauki hoto, a rubuta cewa ganye kaza yana da alamar kare ƙwaƙwalwa, ana buƙatar ƙarin bincike. Ƙarin binciken nan kuwa ba mai yin sa, domin ɗalibi na gaba wani ganyen zai ɗauko.

Ba lalaci ne ya jawo haka ba. Ɓera da ganye da rini su ne abin da aljihun ɗalibi zai iya ɗauka, kuma a jami'o'inmu yawanci ɗalibi ne yake biyan kuɗin bincikensa.

Bayan azahar aka koma wajen fostoci, inda nake ganin nan ne ainihin taron. An kafa alluna a jere a wani dogon baranda, kowa ya tsaya gefen tasa. Kusa da ni wata ɗaliba ce mai digiri na biyu, cikin shuɗin hijabi, tana ta maimaita jawabinta a ƙasan murya. Aikinta a kan ganyen zogale ne da ɓerayen da aka ba alminiyam. Wani Farfesa mai furfura, tabaransa a saman goshi, ya zo ya tsaya. Ya bar ta ta kai aya, sannan ya nuna hotuna biyu na ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke riƙe sabon tunani, wanda ake kira hifokamfus.

"Malama, ɓera nawa ne a kowane rukuni?"

"Biyar, ranka ya daɗe."

"Wa ya ƙirga ƙwayoyin da suka mutu a hotunan nan?"

"Ni ce."

"Lokacin da kike ƙirgawa, kin san wane gilashin samfuri ne na ɓeran da ya sha zogale?"

Ta ɗan yi jim. "Na sani, ranka ya daɗe. Ni na rubuta sunayen a jiki."

Bai yi faɗa ba. Ya ce ido yana ganin abin da zuciya take so, ba don mutum maƙaryaci ne ba, haka aka halicce mu. Ta nemi ƙawarta ta rufe sunayen da takarda ta sa lambobi, ta ɓoye takardar fassarar lambobin, sai an gama ƙirga a buɗe. Ko kwabo ba za ta kashe ba. Ya tambaye ta inda aka tsinko ganyen da watan da aka tsinke shi, domin zogalen rani da na damina ba lalle sinadarinsu ya zo ɗaya ba. Ya sa ta lissafa a gabansa, idan mutum mai kilo 60 zai sha kwatankwacin abin da ta ba ɓera, ganye nawa zai ci a yini. Da lissafin ya fito ita da kanta ta yi dariya. A ƙarshe ya rubuta mata adireshin imel ɗinsa a gefen fostar ya ce ta turo masa sakamakon sabon ƙirgan, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Yana wucewa ta zaro biro tana rubutu a tafin hannunta don kada ta manta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya tona ka don a yi dariya da wanda ya tona ka ya ba ka abin rufa.

Akwai matasan da suka fita daga laccar safe suna ganin binciken ganye abin kunya ne. A nan ban bi su ba. Waken Kalaba, wanda mutanen Efik suke kira esere, a da can ana ba wanda ake zargi da maita ya ci don a gane gaskiyarsa. A 1864 masana a Jamus suka ware sinadarin da ke cikinsa, fisostigmin. Da taimakon wannan sinadari Otto Loewi ya ƙarfafa hujjarsa cewa jijiya tana aika saƙo zuwa ga zuciya ta hanyar wani ruwan sinadari, asetilkolin, binciken da ya ba shi kyautar Nobel tare da Henry Dale a 1936. Maganin ribastigmin da ake ba masu cutar mantuwa yau daga tsarin wannan sinadarin aka ƙero shi. Wake namu ne, daga bakin kogin Kuros Riba. Abin da wasu suka yi da mu ba mu yi ba shi ne sun tsaya a kan tsiro guda har sai da suka san wane sinadari ne a ciki, da kuma ainihin inda yake kamawa a jiki.

Darasin da ba zan manta ba na kyankyaso ne. Wata matashiyar mai horarwa ta jefa shi cikin ruwan ƙanƙara har ya sandare, ta sa almakashi ta cire ƙafar baya guda, ta kwantar da ita a kan ɗan toshe, ta soka mata allura biyu da ke haɗe da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, mai mayar da bugun jijiya ya zama ƙara. Irin wannan akwati wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Michigan, Greg Gage da Tim Marzullo, suka fara ƙera shi don yaran makaranta. Ta kunna, sai muka ji ƙara tas, tas, tas, jefi-jefi, kamar farkon yayyafi a kan rufin kwano. Ta ɗauki tsinken sakace ta shafi ƙayoyin da ke jikin ƙafar, ƙarar ta barke. Ta ɗaga tsinken, ta lafa. A fuskar wayar da aka jona muna ganin kowane bugu yana tashi yana sauka.

Shekara da shekaru ina zana wannan abu a allo: sodiyam ya kutsa cikin jijiya, fotasiyam ya fita, wutar da ke kwance a kan milibolt 70 ƙasa da sifili ta yi tsalle ta dawo cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka warware lissafinsa a 1952 da ƙatuwar jijiyar wata dabbar teku, aka ba su Nobel a 1963. Amma a ranar ce na fara jin sa da kunnena. Ƙwaƙwalwar mutum tana da irin waɗannan ƙwayoyi kimanin biliyan 86, kuma da wannan bugun suke magana da juna. Da mai horarwar ta juya wayoyin ta saki kiɗa mai ganga daga wayarta, ƙafar da ba ta da gangar jiki ta shiga lanƙwashewa tana miƙewa bisa kiɗan. Wani ɗan Sakkwato ya ja da baya yana salati, ɗakin ya kece da dariya, shi ma har da shi.

Daga mafi arha aka kai mu ga mafi tsada. Ɗakin madubin konfokal, na'urar ƙara girman abin da ido ba ya gani, sanyi ƙalau, duhu, ba a shiga da takalmin waje. Madubin da muka saba da shi yana haska dukkan kaurin naman da aka yanka, sai hoto ya fito a dagule. Wannan kuwa hasken leza yake aikawa ɗigo-ɗigo, ya tace abin da ya dawo ta wata 'yar ƙaramar huda, sai ya ɗauki hoton bene guda kawai, sannan na ƙasa da shi, kwamfuta ta jera su. A allon muka ga cibiyoyin ƙwayoyin sun yi shuɗi, rassansu kore shar sun miƙa sun sarƙe da juna, ana juya hoton ta kowane gefe. Mai kula da na'urar ya ce kowa zai zauna ya riƙe da hannunsa, kuma haka aka yi. Na jaddada wannan ne saboda na san wurare da dama a ƙasar nan da za a nuna maka na'ura a lulluɓe da leda, mabuɗin ɗakin yana aljihun mutum ɗaya, shi kuma ya yi tafiya.

Babban burin cibiyar a fannin ƙwaƙwalwa ya dogara ne a kan dabarar da Shinya Yamanaka na Japan ya gano a 2006, wadda ta kai shi ga Nobel a 2012. Ana ɗaukar ƙwayar fata ko ta jini daga baligi, a mayar da ita baya ta zama irin ta farkon halitta, sannan a lallaɓa ta ta zama ƙwayar jijiya a cikin faranti. Ma'ana za ka iya nazarin jijiyar mutumin Gashuwa ba tare da ka taɓa kansa ba. Mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyi da ke ɗakunan binciken duniya daga jikin Turawa aka samo su, kuma akwai hujjar cewa wannan giɓi ba ƙarami ba ne. A 1992 aka fara wani dogon bincike da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a Indianapolis ta Amurka, ƙarƙashin Hugh Hendrie da Farfesa Benjamin Osuntokun, wanda ya rasu a 1995. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna a kowace shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ne suke kamuwa da cutar mantuwa, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Haka kuma ƙwayar gadon nan APOE4, wadda ke ƙara haɗarin Alzheimer sosai a jikin Turawa, tasirinta a jikin Yarabawa ya yi rauni ƙwarai. Abinci ne, ko yanayin rayuwa, ko wasu ƙwayoyin gado da ke danne ta? Idan haka abin yake a Ibadan, yaya yake a jikin Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Babole?

Nan muhawara ta kaure, kuma wata likita daga Kano ce ta tayar da ita. Ta ce duk wannan ya yi kyau, amma wa zai je ƙauye ya ce wa dattijo a ba shi ɗan yankin fata za a raya a kwalba? Ta tuna wa zauren 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, shari'a ta ja har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ta ce wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Shawararta ita ce kafin a zaro allura a fara zama da mai unguwa da liman da 'ya'yan tsohon, a yi bayani da harshen da suke ji, kuma a koma a faɗa musu abin da aka gano. Ba wanda ya yi mata musu. Abin da aka yi ta ja-in-ja a kai shi ne wa ke da ikon amincewa a madadin tsohon da tunaninsa ya riga ya gushe, babban ɗansa ko matar da ke jinyarsa. Har aka kira la'asar ba a rufe zancen ba.

In da za a ce in zaɓi jawabi ɗaya, zan ɗauki wanda aka yi a kan yara masu sikila. Idan ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma daga cikinsu yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin haɗari. A Amurka maganin abin shi ne ƙarin jini duk wata, wanda a wurinmu ba jinin, ba kuɗin. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano tare da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a kan yara 220, suka wallafa a 2022 cewa ƙaramin awo yana ba da kariya daidai da matsakaici. Tambayar daga ɗakin marasa lafiya ta fito, amsar kuma can ta koma. Mai jawabin ya ce irin wannan aiki farfaɗiya take jira: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ke da ita, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kuma har kashi 70 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Mu kuwa har gobe yaro yana faɗuwa ana darewa don kada a taɓa yawunsa, ko a tura masa cokali a baki, alhali cutar ba a ɗaukarta, cokalin kuma haƙori kawai yake karyawa.

Da dare a wajen mai shayi hirar ba ta Nobel ba ce, ta wuta ce. Kowa da labarin firizarsa. Samfurin da ake son ya daɗe sai an ajiye shi a digiri 80 ƙasa da sifili, kuma kwana biyu ba wuta ba man janareta ya isa ya mayar da aikin shekara ruwa. Wani ya ba da labarin sinadarin da ya yi oda daga waje, ya yi makonni a tashar jirgin sama yana jiran takarda, ya iso hannunsa da ɗumi. Shi ya sa da aka zo darasin ƙudaje washegari kowa ya kasa kunne.

Ƙudan da ake nufi shi ne ɗan mitsitsin nan mai jan ido da ke taruwa a kan ayaba ko mangwaron da ya nuna ya wuce. Tun 1910 da Thomas Hunt Morgan ya ga namiji mai farin ido a ɗakin bincikensa a New York ya yi suna a fagen bincike. Kimanin kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon da ke jawo cuta a jikin mutum suna da takwara a jikinsa. Da shi aka gano yadda agogon cikin jiki yake aiki, binciken da ya ci Nobel a 2017, kuma a 2024 aka kammala taswirar ƙwaƙwalwarsa gaba ɗaya, ƙwayoyin jijiya kusan 140,000. Daga ƙwai zuwa balaga kwana 10 ne. Abincinsa garin masara da yis da sukari. Gwajin farko da aka koya mana ko sisi ba ya ci: ka buga kwalbar a tebur su zube ƙasa, ka ƙirga nawa suka haura wani layi cikin daƙiƙa 10. Mai lafiya yakan hau da sauri, wanda jijiyarsa ta fara lalacewa sai ya yi ta jan ƙafa. Da kuɗin ɓera goma za ka riƙe ƙudaje dubbai.

Aka ba duk mai so 'yan kwalabe ya tafi da su, tare da gargaɗi guda: zafi. Sun fi son digiri 25, idan ya kai 30 mazan sukan daina haihuwa. Na sayi ƙaramar kula irin ta abinci a kasuwa, na naɗe kwalaben da jiƙaƙƙen tawul, na sa ledar ruwa mai sanyi a gefe, na ɗora a cinya.

A wani shinge bayan Potiskum jami'in tsaro ya leƙo ta taga ya nuna kular da baki.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Ƙudaje ne, ofisa."

"Buɗe."

Na buɗe, na zaro kwalba ɗaya. Ya ɗaga ta sama yana kallon su suna hawa bango, ya kira abokin aikinsa shi ma ya gani. Na fara bayanin ƙwayoyin gado, ya ɗaga mini hannu.

"Daga Damaturu ka ɗauko ƙuda za ka kai Kano? Na Kano sun ƙare ne?"

Motar gaba ɗaya ta ɗauki dariya, ya miƙo mini kwalbata ya ce direba ya wuce.

Sun iso da ransu, kuma cikin mako guda tsutsotsi suka fara yawo a cikin abincin. Yanzu suna cikin wata tsohuwar randa da na binne rabinta a jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ofishinmu, da ma'aunin zafi a rataye a ciki, ina dubawa safe da yamma. Damina da hunturu ba matsala. Ni da shugaban sashenmu mun fara lissafin kuɗin sola da ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki, domin dole a same su kafin watan Maris.